Tsarin Kula da Masu Ciwon Ƙirji Mai Daɗewa: Abin da Yaƙi da Tarin Fuka Ya Koyar

Daga watan Nuwamba zuwa watan Maris, sa'ad da iskar hunturu take kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Cadi ta watsa ta bisa Damagaram, Maraɗi, Tawa har zuwa Yamai, gidajen likita sukan cika da masu tari da sarƙewar numfashi. Mafi yawansu mura ce ta kama su, kuma cikin mako ɗaya ko biyu sun warware. Amma akwai waɗansu da malamin asibiti ya riga ya san fuskokinsu, domin sun zo bara, sun zo bara waccan. Ana kawo su cikin dare suna haki, a yi musu allura, a shaƙa musu magani, numfashi ya daidaita, a sallame su da safe. Bayan wata ɗaya ko biyu a sake kawo su cikin hali irin na farko. Wata rana kuma hanya ta yi tsawo, mara lafiya ya cika kafin a iso.

Ciwon waɗannan mutane yana zama da su shekara da shekaru, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Aikin gidajen likita kuwa, tun asalinsa, an tsara shi ne domin ciwon da yake zuwa ya wuce, kamar masassarar cizon sauro, gudawa ko rauni: mutum ya zo, a duba shi, a rubuta masa magani, ya tafi. Wannan hanya ba ta wadatar da mai ciwon ƙirji mai daɗewa. Abin da yake bukata shi ne tsari wanda zai riƙe shi tun yana jin sauƙi, domin kada ya kai ga daren haki. Irin wannan tsari ne masana kiwon lafiya suke kira shirin kula da ciwo mai daɗewa, kuma ƙasar Nijar ta riga ta san yadda ake tafiyar da shi, domin da irinsa take yaƙi da tarin fuka.

Cututtukan da ake nufi

Na farko shi ne asma. Hanyoyin da iska take bi cikin huhu suna kama da rassan itace, daga babban reshe zuwa ƙanana. A jikin mai asma, cikin waɗannan hanyoyi yana kumbure kullum, ko da mutum ba ya jin kome. In ƙura, hayaƙi, sanyi ko mura suka taɓa su, sai su tsuke, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito. Ciwon yakan fi tashi da dare ko da asuba, ya lafa, ya sake dawowa. Yana kama yaro da babba, yakan bi jini cikin dangi, amma ba a ɗaukarsa daga wani. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 suke da asma, kuma ta kashe 455,000 a wannan shekara. Mafi yawan mamatan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a gane ciwon da wuri, maganinsa kuma yake wuyar samu.

Na biyu shi ne ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da BPCO. Shi ba ya zuwa ya tafi kamar asma. Yana cin huhu sannu a hankali, galibi ya bayyana bayan shekara 40, da tari mai majina da gajiya. Manomi ya ga ba ya iya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya huta, mace ta ga jan guga ya gagare ta, kowa ya ce tsufa ne. A 2021 ciwon ya kashe mutum miliyan 3 da rabi a duniya. A ƙasashe masu arziki taba ce take jawo fiye da kashi 70 cikin 100 na masu shi. A ƙasashe masu tasowa kason taba yana tsakanin 30 da 40, hayaƙin murhu kuma yana da babban rabo cikin sauran. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Masindi na Yuganda, aka buga a 2015, ya sami ciwon a jikin kashi 16 cikin 100 na waɗanda suka wuce shekara 30, kuma da yawa cikinsu mata ne da ba su taɓa busa sigari ba.

Akwai kuma rukuni biyu da ake yawan mantawa da su. Waɗanda suka warke daga tarin fuka, wani lokaci ƙwayar cutar ta mutu amma ta bar tabo cikin huhu, sai tari da haki su ci gaba. Haka nan masu fasa dutse da niƙa shi a wuraren haƙar zinariya irin Komabangu, ko Jado inda mutane suka kwarara tun 2014. Garin dutsen da suke shaƙa yana sandarar da huhu, ba ya fita, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa.

A bakin jama'a kalmar fuka takan haɗa waɗannan duka wuri guda, alhali sun bambanta ƙwarai. Tarin fuka ƙwayar cuta ce take kawo shi, ana ɗaukarsa ta iska, kuma ana warkewa sarai da maganin wata 6. Asma da BPCO ba a ɗaukarsu, saboda haka babu dalilin ware wa mai su ƙwarya ko ɗaki. Ba a tumɓuke su ɗungum, amma ana lallashinsu har mutum ya yi noma, ya yi kasuwa, yaro ya tafi makaranta kamar kowa.

Inda tsarin ya samo asali

Daga ƙarshen shekarun 1970 wani likita haifaffen ƙasar Cekoslobakiya, Karel Styblo, wanda yake aiki da Ƙungiyar Duniya ta Yaƙi da Tarin Fuka da Cututtukan Huhu mai mazauni a Paris, ya gwada wata dabara a Tanzaniya, daga baya a Malawi, Mozambik da Benin. Magungunan tarin fuka suna nan tun kafin zuwansa, amma mutane suna mutuwa, domin da zarar sun ji sauƙi sai su bar shan magani, kuma babu wanda ya san sun bari. Abin da Styblo ya kawo shi ne tsari: a gane ciwo ta hanya guda, a ba da magani iri guda, a tabbatar magani bai yanke ba, a rubuta kowane mara lafiya cikin rajista, kuma kowane wata uku a ƙidaya nawa suka warke, nawa suka rasu, nawa suka ɓace. A 1993 OMS ta bayyana tarin fuka a matsayin annoba ta gaggawa ga duniya, ta kuma ɗauki wannan dabara, daga baya ta yaɗa ta da sunan DOTS.

Nijar ta ci moriyar wannan hanya har ta zama abin misali. Daga 2008, shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, tare da taimakon ƙungiyar Action Damien ta Beljik, ya soma ba da gajeren magani na wata 12 ga masu tarin fuka mai ƙin jin magani, a lokacin da yawancin ƙasashe suke shayar da shi kusan shekara 2. Cikin mutum 65 na farko, 58 suka warke. Sakamakon Nijar yana cikin hujjojin da aka duba kafin OMS ta amince da gajeren magani a 2016. An kai ga wannan ne domin an san sunan kowane mara lafiya da unguwarsa, kuma in bai zo ba ana bin sawunsa.

Tun a 1996 likitoci biyu na ƙungiyar nan ta Paris, Nadia Aït-Khaled ƴar Aljeriya da Donald Enarson ɗan Kanada, suka wallafa jagora domin a kula da masu asma a ƙasashe matalauta bisa wannan tafarki. A 2010 kuma OMS ta fitar da kundin da ake kira PEN, wanda ya nuna yadda ƙaramin gidan likita zai kula da hawan jini, ciwon sukari, asma da BPCO ba sai da babban likita ba.

Ginshiƙan tsarin

Ginshiƙi na farko shi ne a san ainihin ciwon. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu sai an auna kakinsa tukuna, domin a tabbatar ba tarin fuka ba ne. Bayan haka a saurari labarinsa: yaushe ciwon yake tashi, me yake tayar da shi, yana shan taba, da me ake girki a gidansu, wace sana'a yake yi. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni mai araha, bututu ne mai lambobi wanda mara lafiya yake hurawa da iyakar ƙarfinsa. Wani likitan Ingila, Martin Wright, shi ya ƙago shi. Ana aunawa, a shaƙa wa mutum magani, a sake aunawa bayan minti 15. In ƙarfin busa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, alama ce ta asma. BPCO kuwa ana tabbatar da shi da wata na'ura mai suna sipirometa, wadda ya kamata a samu aƙalla a asibitin gunduma.

Na biyu, rajista da karne. Rajista tana zama a gidan likita, da sunan mara lafiya, garinsu, tsananin ciwonsa, maganinsa da ranar da zai dawo. Karne yana hannun mara lafiya, ya nuna shi duk inda ya je, ko da ya tafi cin rani. Da wannan rajista ce malamin asibiti zai san yawan maganin da zai yi oda, ya kuma gane wanda ya daina zuwa.

Na uku, magani. A nan ne kuskure ya fi yawa. Maganin asma iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanya nan take, wato salbutamol, wanda jama'a suka fi sani da sunan Ventoline, galibi cikin ƴar kwalba shuɗiya. Akwai kuma mai kwantar da kumburi, irin beklometazon ko budezonid, wanda ake shaƙa kullum safe da yamma, ko ana jin ciwo ko ba a ji. Na farko kamar ruwan da ake watsa wa gobara ne bayan ta kama. Na biyu kamar filin da ake sharewa cikin makiyaya bayan damina ne, domin wutar daji ta rasa inda za ta bi. Mutane suna son na farko don suna jin aikinsa cikin minti kaɗan, suna raina na biyu don amfaninsa sai bayan kwanaki ko makonni yake bayyana. Amma na biyun ne yake hana mutuwa. Saboda haka a 2019 kwamitin masana asma na duniya, GINA, ya daina ba da shawarar a kula da manya da matasa da salbutamol shi kaɗai. Kwalba ɗaya shaƙa 200 ce, kuma wanda yake cinye kwalba 3 ko fiye a shekara ciwonsa bai kwanta ba, yana cikin haɗari. Akwai kuma kwalba da ta haɗa aikin biyu, budezonid da formoterol, wadda take cikin jerin muhimman magunguna na OMS.

Abin da ya kamata a guje masa shi ne ƙwayoyin kortizon da masu tallar magani suke sayarwa a kasuwa da tasha. Likita yakan ba da irinsu na kwana 5 zuwa 7 in ciwo ya tashi da tsanani. Amma shan su wata da watanni yana jawo ciwon sukari, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi. Wanda ake shaƙa kuwa kaɗan ne, kai tsaye yake zuwa huhu, kuma ba ya sa mutum ya kamu da shi kamar ƙwayar maye. Mace mai ciki ma tana ci gaba da shi, domin rashin iska ya fi cutar da jariri.

Na huɗu, koyarwa. Maganin shaƙa ba ya aiki in ba a iya shaƙarsa ba, kuma masu yin kuskure suna da yawa ƙwarai. A girgiza kwalba, a fitar da numfashi, a kama bakinta da leɓe, a danna daidai lokacin da aka soma jan iska sannu a hankali, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Bayan mai kwantar da kumburi a kurkure baki. Yara da tsofaffi wannan yana yi musu wuya, sai da wani mazubi da ake sa wa tsakanin kwalba da baki, a fesa magani ciki, su shaƙa cikin natsuwa. Na kanti yana da tsada, amma a 1999 likita Heather Zar da abokan aikinta a asibitin yara na birnin Kap, a Afirka ta Kudu, sun nuna cewa kwalbar roba ta rabin lita, in an huda gindinta daidai bakin maganin aka liƙe da kyau, tana aiki kamar na kanti. Duk ranar da mara lafiya ya zo, malamin asibiti ya ce ya shaƙa a gabansa ya gani, domin tambayar “ka iya?” kowa “i” yake amsa ta.

Na biyar, takardar shiri. Ana rubuta wa kowane mara lafiya, cikin harshen da yake karantawa, abin da zai yi a hali uku: in yana lafiya, in ciwo ya soma tashi, da in ya tsananta. Alamun haɗari su ne mutum ya kasa gama magana cikin numfashi ɗaya, leɓe ko harshe ya sauya launi, barci ya riƙa fizgarsa, ko maganin buɗe hanya ya daina aiki. In an ga ɗaya cikinsu sai a zaunar da shi, kada a kwantar, a ci gaba da shaƙa masa magani, a nufi gidan likita ba tare da jiran wayewar gari ba. Ya kyautu miji, mata ko babban ɗa su san abin da takardar ta ƙunsa, domin a lokacin haki mara lafiya ba ya iya karatu. Da watan azumi ana iya shawara da malamin asibiti a mayar da shaƙar safe lokacin sahur, ta yamma bayan buɗa baki, maimakon a ajiye maganin wata guda.

Na shida, ranar dawowa. Da farko kowane wata, in ciwo ya kwanta kowane wata uku. Tambayoyi huɗu ake yi game da mako huɗun da suka wuce: ciwon ya tashi da rana fiye da sau biyu a mako? Ya tashe ka daga barci? Ka nemi maganin buɗe hanya fiye da sau biyu a mako? Ya hana ka aiki? In amsa a'a ce duka, ciwo ya kwanta, kuma bayan wata uku a haka ana iya rage magani. In da i, kafin a ƙara magani sai a duba ko yana shaƙa kullum, ko yana shaƙa daidai.

Abin da aka gani a Finlan da Benin

Ƙasar da ta fi nuna amfanin wannan tsari da alƙaluma ita ce Finlan, a arewacin Turai, mai mutum wajen miliyan 5. Ta gudanar da shirin ƙasa na asma daga 1994 zuwa 2004. Ba ta gina sababbin asibitoci dominsa ba. A kowace cibiyar lafiya aka naɗa likita ɗaya da ma'aikacin jinya ɗaya su ɗauki nauyin masu asma, aka sa masu farmasi cikin aikin koyarwa, aka ba da ƙarfi ga soma mai kwantar da kumburi da wuri. Kwanakin da masu asma suke kwance a asibiti suka sauka daga 110,000 a 1993 zuwa 51,000 a 2003, wato ragin kashi 54 cikin 100. Kuɗin da ake kashewa a kan mara lafiya ɗaya ya ragu da kashi 36 cikin 100, duk da cewa yawan masu karɓar magani ya ƙaru.

Mai karatu zai ce Finlan ƙasa ce mai arziki. Gaskiya ne, shi ya sa labarin maƙwabciya Benin ya fi kusa. A can shirin yaƙi da tarin fuka ne ya ɗauki nauyin masu asma, da rajista da karne irin nasa. A 2005 ƙungiyar nan ta Paris ta kafa wata kafar sayen maganin asma a dunƙule, abin da ya sa farashi ya sauka sosai ga ƙasashen da suka shiga, ciki har da Benin da Sudan. Benin ta kafa asusu mai juyawa: mara lafiya ya saya da rahusa, kuɗin ya koma a sake sayo wani. Waɗanda suka jure suna zuwa, ciwonsu ya lafa, zuwansu asibiti cikin gaggawa ya ragu. Amma rahoton da likitocin Benin suka buga a 2013 ya nuna cewa mafi yawan waɗanda aka rubuta ba su cika shekara suna dawowa ba.

Wannan darasi ne mai nauyi. Mai tarin fuka maganinsa kyauta ne, kuma ya san bayan wata 6 ya gama. Mai asma shi yake biya, kuma babu ranar gamawa. Magidancin da yake jin sauƙi, ga kuɗin mota, ga kuɗin magani, ga cefane, ba abin mamaki ba ne in ya ce bari sai ciwo ya tashi. Don haka shirin da ya tsaya a babban birni, ko ya dogara ga aljihun mara lafiya kaɗai, rajistarsa za ta cika da sunayen waɗanda suka ɓace. Dole magani ya kusanci ƙauye, farashinsa ya yi daidai da ƙarfin talaka, a kuma sami mai tunatarwa.

Rabon masu BPCO

Ga mai BPCO, abin da huhu ya rasa ba ya dawowa, amma ana iya tsare abin da ya saura. Babban magani shi ne barin taba, sigari ce ko shisha, kuma babu shekarun da za a ce lokacin bari ya wuce. Nijar ta amince da yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa doka a watan Mayu na 2006 wadda ta hana tallar taba da shanta a wuraren taruwar jama'a. Sauran aiki yana cikin ɗakin duba marasa lafiya: a tambayi kowa ko yana sha, a ba shi shawara, a sake tambaya ranar da ya dawo.

Sai hayaƙin gida. OMS ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Matar da take hura wutar icce, kara ko kashin shanu cikin madafa marar taga, da goyo a bayanta, su biyu suke shaƙa. Girki a fili ko ƙarƙashin rumfa, da busasshen icce, da nisanta yara daga murhu, duk suna ragewa ba tare da an kashe ko dala ba. Murhun zamani irin Mai Sauƙi da Albarka, waɗanda aka yaɗa tun shekarun 1980, suna rage cin icce. Gaz ne ya fi tsabtace iska, kuma tun 2011 matatar mai ta SORAZ a jihar Damagaram take samar da shi cikin ƙasa. Mai ciwon ƙirji ya nisanci turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi cikin rufaffen ɗaki, ya rufe hanci da baki ranar hazo da lokacin sussuka da shiƙa.

Akwai kuma horon numfashi. Mai haki yana tsoron motsi, rashin motsi yana raunana ƙafafu, raunin ƙafafu yana ƙara haki. Ana warware wannan ƙulli da shirin mako 6 zuwa 8, sau biyu a mako: tafiya da ƙafa, tashi da zama bisa kujera, ɗaga abu mai ɗan nauyi, da koyon fitar da numfashi sannu ta tsukakken baki. An gwada shi a asibitin Mulago na Kampala ga waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo, kuma tafiyarsu ta ƙaru, ciwon ƙirjinsu ya ragu. Inuwa, benci da ma'aikaci ɗaya da aka horar sun isa a soma.

Aikin kowa

Nijar tana da matakalar da irin wannan shiri zai hau: ɗakunan shan magani na ƙauye, cibiyoyin CSI, asibitocin gunduma, na jiha, da manyan asibitocin ƙasa a Yamai da Damagaram. Tana da tsohuwar al'adar ma'aikatan lafiya na ƙauye da ungozomomi, wadda ta soma tun kafin taron Alma-Ata na 1978. A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma asma ba ta barin yaro ranar da ya cika shekara 5, don haka akwai bukatar a dubi halin waɗanda suka wuce wannan iyaka.

Ga hukumomi, abin farko shi ne mai kwantar da kumburi ya kasance cikin kabad na kowace CSI kusa da salbutamol, ta hanyar ofishin ONPPC da farmasin gunduma. A 2013 ƙasashen OMS sun ɗaukar wa kansu burin samun muhimman magungunan cututtuka masu daɗewa a kashi 80 cikin 100 na gidajen likita, kuma maganin shaƙa yana cikinsu. Kwamitin da yake kula da kuɗin kowace cibiya yana da ikon tambaya ko an yi odarsa. Ga malaman makaranta, su san ɗaliban da suke da asma, su bar su da maganinsu cikin jaka, kada su hana su wasa, kada kuma su sa su sharar aji mai ƙura. Ga waɗanda suka kammala karatun yaƙi da jahilci, nasu rabo babba ne: su ne za su karanta wa maƙwabci takardar shirinsa, su duba masa ranar dawowa cikin karne, su tuna masa da baki ko ta wayar salula.

Ma'aunin nasara kuwa shi ne wanda shirin tarin fuka ya saba da shi. A ƙarshen shekara a buɗe rajista a ƙidaya: mutum nawa aka rubuta, nawa suke zuwa har yanzu, nawa ciwonsu ya kwanta, nawa aka kawo cikin dare, nawa suka rasu, nawa ba a san inda suke ba. Cibiyar da take iya amsa waɗannan tambayoyi shida da lamba, ta san inda za ta gyara a shekara mai zuwa.